Hijabi a Kan Dandamali: Sharhi a Kan Shirin Shiga Gasar Sarauniyar Kyau da Irin Martanin da Muke Mayarwa

 

A watan Disamba na shekarar 2021, a birnin Legas, aka ɗora wa Shatu Garko, 'yar shekara 18 daga Kano, kambin sarauniyar kyau ta Nijeriya. Ita ce ta 44 a jerin waɗanda suka ɗauki wannan kambi, kuma ita ce ta farko da ta ɗauke shi tana sanye da hijabi. Kafin gari ya waye mutane sun rabu gida biyu. Wasu suna murna cewa hijabi ya shiga inda bai taɓa shiga ba, wasu kuma suna tsinuwa. Kwamandan Hukumar Hisba ta Kano na lokacin, Harun Ibn Sina, ya shaida wa manema labarai cewa shiga irin wannan gasa ya saɓa wa Musulunci, batun gayyatar iyayenta kuma ya bazu ko'ina. Bayan 'yan makwanni ƙura ta lafa, kowa ya kama gabansa, ba tare da an warware mas'alar ba.

Dalilin da ya sa na komo kan batun shi ne wata tambaya da wata ɗalibata ta yi mini bayan an tashi daga darasi. Ƙanwarta tana shirin shiga irin wannan gasa a karon farko, a makarantar da take karatu, kuma masu shiryawa sun yi mata alkawarin ba za ta cire lulluɓinta ba. Na ba ta amsa a taƙaice, na ce bai halatta ba. Sai ta ce, cikin ladabi: "Allah ya gafarta Malam, wane ɓangaren ne bai halatta ba, tunda ba abin da za ta buɗe? Ita wannan tambayar za ta yi mini." A nan na gane na ba da hukunci ban ba da illarsa ba, kuma yarinyar da ta shafe watanni tana shiri ba za ta fasa don kalma ɗaya da aka aiko mata daga nesa ba. Wannan rauni ba nawa ne ni kaɗai ba. Mafi yawan abin da aka faɗa a kan mumbari da kafafen yaɗa labarai a 2021, na masu goyon baya da na masu suka, a kan tufafin dare ɗaya ya tsaya. Ra'ayina shi ne mas'alar tana cikin watannin shiri, domin a nan ne ake gane abin da gasar take nema daga mace, ko da wace irin sutura ta zo.

Abin da ake koya wa mai shiri

Wadda za ta shiga gasa a karon farko ba kai tsaye take hawa dandamali ba. Akwai horo, kuma a manyan gasa akwai sansanin da ake tara 'yan takara na wasu kwanaki. Abu na farko da ake gyara mata shi ne tafiya. Ana ɗora ta a kan takalmi mai tsini, a koya mata yadda za ta jefa ƙafa ɗaya gaban ɗaya a kan layi guda, yadda za ta saki kafaɗa, inda za ta tsaya, da yadda za ta juya don a gan ta ta kowace fuska. Sai a koma kan ido: kada ta sunkuyar da kai, ta dubi alƙalan gasa ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe kallon har ya isa. Sai murmushi, wanda ake so ya zauna a fuska ko ƙafa tana ciwo. Sai murya da salon amsa tambaya. Daga nan a shiga batun abinci da rage ƙiba, gyaran fata, zaɓen launin tufa da zai haska ta a ƙarƙashin fitilu, da ɗaukar hotunan da za a yi ta yaɗawa don neman ƙuri'ar 'yan kallo. Madubi shi ne babban malaminta a wannan lokaci. Tana koyon kallon kanta da idon wani, har ta saba.

Duk ɗalibin tafsiri da ya karanta wannan jeri zai ji kamar ya san shi, domin kusan kowane abu a cikinsa Alƙur'ani ya ambace shi, amma ta fuskar hani. Aya ta 31 a Suratun Nur ta fara ne da umartar muminai mata su runtse gani, kamar yadda aya ta 30 ta umarci maza, kafin ma a zo kan mayafi. Ƙarshenta kuma ya hana buga ƙafa a ƙasa don a san adon da yake ɓoye. A lura da wannan wuri da kyau. Munduwar ƙafar da ake magana a kanta a rufe take, ba wanda ya gan ta. Abin da aka hana shi ne takun da ake yi da nufin jawo hankali zuwa gare ta. Ashe ke nan mace tana iya rufe komai, amma ta saɓa wa ayar da tafiyarta kawai. Aya ta 32 a Suratul Ahzab ta yi magana a kan lanƙwasa murya, ta 33 kuma ta hana tabarruji irin na Jahiliyyar farko. Ko da yake da matan Annabi (SAW) ake magana a ayoyin biyu, malaman tafsiri irin su Alƙurɗubi sun bayyana cewa sauran mata sun shiga cikin ma'anar. Kalmar tabarruji kuwa tushenta ɗaya da buruj, wato dogayen gine-gine da ake hangowa daga nesa. Ma'anarta ita ce fito da kai fili don a gani. Cikin abin da magabata suka fassara ta da shi har da rangwaɗa da yanga a tafiya.

Saboda haka amsar da ta kamata in ba ɗalibata ita ce: hijabi a Shari'a tsari ne da ya haɗa tufa da ido da taku da murya da niyya, horon gasa kuma yana bin waɗannan ɗaya bayan ɗaya yana juya su, ya bar tufar kaɗai a inda take.

Tarihin gasar ma yana nuna haka

Gasar da ake kira Miss America ta fara ne a 1921 a garin Atlantic City, bisa shawarar 'yan kasuwar bakin teku da suke son masu yawon shaƙatawa su ƙara kwanaki bayan ƙarewar lokacin zafi. Miss World kuwa Eric Morley ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1951, kuma a matsayin gasar kayan ninƙaya ta fara. A Nijeriya jaridar Daily Times ce ta kafa tata a 1957, Grace Oyelude ta zama ta farko da ta ci. Wato tun asali, otal da gidan rawa da jarida ne suka haifi abin, don su sayar da hajarsu.

Tufafin kuwa sun sha canzawa. A ƙarshen 2014 masu Miss World suka sanar da daina zagayen kayan ninƙaya, Miss America ta bi sahu a 2018. An ƙara zagayen hira, an ƙara na baiwa, an ƙara ayyukan jinƙai. Duk wannan bai girgiza gasar ba, domin ba a kansa aka gina ta ba. Abin da ba a taɓa cirewa ba, kuma ba zai ciru ba sai gasar ta mutu, shi ne a jera 'yan mata masu ƙuruciya a gaban alƙalai da taro, a auna su da ido, a ba su maki. Gasar da ta iya rabuwa da kayan ninƙaya ba ta yi asara ba, za ta iya karɓar hijabi ma ba ta yi asara ba. Riba ma za ta ci, domin ta sami sabuwar kasuwa: miliyoyin 'yan mata Musulmi masu sayen hoda da turare da gyale.

Hujjojin masu goyon baya

Bai dace a yi watsi da hujjojin ɗaya ɓangaren ba tare da an saurare su ba, musamman da yake wasunsu daga littattafanmu aka ciro su.

Ta farko ita ce hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) a Sahihu Muslim, mai nuna cewa Allah Mai kyau ne kuma yana son kyau. Hadisin ingantacce ne, kuma gaskiya ne Musulunci bai ƙi ado ba. Amma a dubi sababinsa. Wani mutum ne ya ji an yi gargaɗi a kan girman kai, sai ya ji tsoron ko son tufa mai kyau da takalmi mai kyau ya shiga ciki, aka kwantar masa da hankali, aka kuma bayyana masa cewa girman kai shi ne ƙin gaskiya da rena mutane. Hadisin da ya zo don raba ado da fifita kai a kan jama'a, da wuya ya zama hujjar taron da aka shirya musamman don a ce wance ta fi wance.

Ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta fi shafar mu 'yan mazhabar Malikiyya. Sananne ne a mazhaba cewa fuska da tafukan hannu ba al'aura ba ne. To, in ji su, wadda ba ta bayyana komai ba sai waɗannan, mene ne laifinta? Kuskuren yana cikin haɗa mas'aloli biyu da malaman fiƙihu suka raba: abin da ya halatta ya bayyana, da abin da ya halatta a ƙura wa ido. Mace tana tafiya kasuwa ko makaranta da fuskarta a buɗe, wannan babi ne daban. Kallo na ƙwaƙƙwafi kuwa an taƙaita shi ga buƙata, kamar mai neman aure, mai ba da shaida, da mai magani. Ko mai neman auren ma, Mukhtasar na Shaihu Khalil ya tsayar da shi a fuska da tafuka, kuma da saninta. Hadisin Fadlu ɗan Abbas a Hajjin Bankwana, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya tara ɓangarorin biyu a wuri guda. Matar nan Bakhas'amiya ta zo tana tambaya, Fadlu yana kallonta, Annabi (SAW) ya amsa mata tambayarta, ya kuma juyar da fuskar Fadlu. Ba a kore ta daga wurin ba, ba a kuma bar kallon ya ci gaba ba. A wane babi za mu sa alƙalin gasa, wanda aikinsa duka shi ne ya ƙura ido ya rubuta lamba? Har ila yau Buhari ya ruwaito hanin mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana ganinta. Idan siffantawa da baki ta kai a hana, ina ga kyamarar da take kusanto da fuska ga miliyoyin mutane?

Akwai masu kawo labarin A'isha 'yar Ɗalha, wadda aka ce ta ƙi rufe fuskarta, tana ganin kyanta baiwa ce da bai kamata a ɓoye ba. Labarin ya shahara ne ta littattafan adabi irin su Kitabul Agani na Abul Faraj Al'asfahani. Littafin taska ne ga mai nazarin waƙa da tarihin zamantakewa, amma ba a gina hukunci a kansa, kuma ko labarin ya inganta, aikin Tabi'a guda ba ya zama hujja.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta wakilci: a bar duniya ta ga cewa mai hijabi ma tana iyawa. Ina girmama niyyar da ke bayan wannan magana, domin na san akwai wuraren da ake wulaƙanta mai hijabi. Sai dai an riga an gwada, kuma wadda ta gwada ta ba da labari da bakinta. Halima Aden, 'yar asalin Somaliya da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, ta shiga gasar jihar Minnesota ta Amurka a 2016 da hijabinta, ta kai zagayen kusa da ƙarshe. Daga nan manyan kamfanonin tallar tufafi suka ɗauke ta, ta kuma gindaya sharaɗin ba za ta cire hijabi ba. A Nuwamba 2020 ta sanar da barin sana'ar. Ta ce ba wanda ya ƙwace mata hijabin, amma ya yi ta ƙanƙancewa a hannun masu yi mata kwalliya, salla tana kuɓuce mata, har ta kai ga an ɗaura mata wandon jins a ka a madadin mayafi. Wannan shi ne abin da Malikawa suke nufi da saddu zari'a, toshe hanyar da galibi take kaiwa ga ɓarna. Sharaɗin da aka rubuta a takarda ya tsare ƙyallen, amma bai iya tsare abin da aka sa ƙyallen dominsa ba.

A kan me ake gasa?

Akwai wata fuska da ban ji an taɓo ta sosai ba, ita ce ta babin musabaƙa. Hadisin Abu Huraira (RA) da ma'abota Sunan suka ruwaito ya taƙaita sa kyauta a gasa ga harbi da tseren raƙuma da dawaki. Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, a littafinsa Alfurusiyya, sun faɗaɗa wannan zuwa gasar ilimi, saboda ita ma tana ƙarfafa addini. A kan irin wannan fahimta ne musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato take shiryawa tun 1986, ta samu gindin zama, kuma mata suna shiga suna yin fice. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne ana gasa ne a kan abin da mutum ya samu da ƙoƙarinsa, wanda kuma ya faɗi bana zai iya ƙara himma ya dawo baɗi. Tsawo da dogon hanci da launin fata kuwa ba kasabin kowa ba ne. Wadda ta ci ba ta yi wani aiki da za a yaba mata ba, wadda ta faɗi kuma ba ta da abin gyarawa sai halittarta. Daga nan ne ake zarcewa zuwa man bilicin, wanda hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kan sinadaran da ke cikinsa, da yunwar ganganci, da fiɗar sauya siffa. Idan kuma aka ce 'yan takara su biya kuɗin rajista, ko magoya baya su sayi ƙuri'a da kuɗi, kyautar kuma daga nan take fitowa, to an buɗe wata ƙofar, ta kama da caca.

Wasu 'yan'uwa a Indunisiya sun nemi mafita ta hanyar kafa gasa tasu ta Musulunci a 2011, wadda daga baya aka san ta da World Muslimah. A 2013, shekarar da aka yi Miss World a tsibirin Bali cikin zanga-zangar ƙungiyoyin Musulmi, 'yar Nijeriya Obabiyi Aishah Ajibola ce ta ci ta a Jakarta. A can ana duba karatun Alƙur'ani da sanin addini da ibada, tare da ado da tafiya a kan dandamali. A ganina wannan ya fi na farko haɗari ta wata fuska. Kyan fuska dai ido yana iya ganinsa. Taƙawa kuwa aya ta 13 a Suratul Hujurat ta sanya ta ma'aunin fifiko a wurin Allah, ta kuma rufe da cewa Shi ne Masani. Wane alƙali ne zai ba tsoron Allah maki? Yarinyar da aka koya wa tashi tahajjudi a gaban kyamara don neman kambi, an koya mata riya da sunan tarbiyya.

Namu laifin

Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Idan hujjojin masu goyon baya suna da rauni, martaninmu ma ba abin alfahari ba ne. A Nuwamba 2002, cikin watan Ramadan, ana shirin yin Miss World a Abuja bayan Agbani Darego ta ci ta shekarar da ta gabata, jaridar ThisDay ta buga wani rubutu da ya taɓa mutuncin Annabi (SAW). Fushin Musulmi a kan wannan yana bisa haƙƙi. Amma abin da ya biyo baya a Kaduna shi ne mutuwar mutum fiye da 200, Musulmi da Kirista. Gasar ta tattara ta koma Landan, aka yi ta lafiya ranar 7 ga Disamba. Ƙa'ida ce sananniya cewa ba a kawar da munkari da abin da ya fi shi muni, mun kuwa karanta ta a littafi, muka kasa aiki da ita a titi.

A 2021 ba a zubar da jini ba, alhamdu lillahi, amma an zubar da mutunci. Yarinya 'yar shekara 18 ta sha zagi da ƙazafi daga mutanen da suke cewa addini suke karewa, alhali surar da ta zo da hukuncin mayafi ita ce ta zo da haddin ƙazafi, bulala 80. Abin mamaki kuma, masu zagin su ne suka fi kowa yaɗa hotunanta, sun manta cewa ayar runtse gani da maza ta fara.

Sannan mu tambayi kanmu inda 'yarmu ta fara koyon cewa darajarta a fuskarta take. Ba a Legas ba ne. A gida ta ji ana cewa in dai fara ce ko mayya ce. Ta ga yadda lefen mai kyau yake fin na 'yar'uwarta. Ta halarci bikin da aka yi wa amarya kwalliyar dubban nairori, aka zaunar da ita a kan kujera mai ado a gaban maza da mata, masu hoto suna kewaye ta, washegari hotunan suka cika wayoyin gari, kuma iyayen da suka biya kuɗin suna sahun gaba a masallaci. Wannan ma dandamali ne, alƙalansa ma sun fi yawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albab, bai ɗora laifin jahilcin mata a kansu ba, malaman da suka bar matansu da 'ya'yansu ba karatu ya zarga. 'Yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda mace take samun girma da rawanin malfa a matsayin jaji saboda abin da ta sani. Wato sun hana, sun kuma buɗe wata ƙofar. Gasar 2021 ta zo da kyautar naira miliyan 10 da mota. Yarinya mai hazaƙa da ba ta da mai biya mata kuɗin jami'a, me muka ajiye mata a gefenmu?

Na kira ɗalibar tawa bayan mako guda, na ba ta haƙuri a kan gajeriyar amsata. Na ce kada ta fara da hukunci. Ta zauna da ƙanwarta ta sa ta nuna mata tafiyar da aka koya mata, sannan su buɗe Suratun Nur su karanta aya ta 31 har ƙarshenta, ta bar ta ta yi kwatancin da kanta. Na kuma ce ta tambaye ta abin da take nema a gasar, kuɗin makaranta ne, ko a san da ita, ko dai a ce mata tana da kyau, domin kowanne da maganinsa. Ta dawo ta gaya mini cewa kuɗin makaranta ne, kuma saura makwanni uku a rufe rajistar zangon karatu.